Kyamara da Almakashi: Hoton Kayan Yayi na Gwaji da Fasahar Kolaj

Hoton kayan yayi, wato wanda ake ɗauka don nuna tufafi, takalma, jaka ko kwalliyar fuska, sana'a ce da kasuwa ta haifa. Mai kaya yana son a ga rigarsa, mujalla tana son kuɗin talla, mai hoto yana son ladan aikinsa. Amma tun farkon sana'ar aka samu masu hoton da nuna riga kawai bai ishe su ba. Su ne suka riƙa wasa da haske da inuwa, suna ɓata wankin hoto da gangan, suna ɗora hoto a kan hoto, har su yayyanka surar mai tallar kayan su sake haɗa ta yadda suka ga dama. Wannan reshe shi ake kira hoton kayan yayi na gwaji, kuma babban makaminsa kolaj ne, fasahar yanka da mannawa: a yanko guntaye daga hotuna, jaridu, ƙyalle ko takarda, a liƙa su wuri guda su tashi sabon hoto. Abin da aka daɗe ana jayayya a kansa shi ne ko aikin da aka yi don a sayar da riga zai iya shiga sahun fasaha, ya kuma riƙe darajarsa bayan an daina yayin rigar.

Sana'o'in biyu kusan tare suka tashi, kuma a gari ɗaya. A 1911 Edward Steichen ya ɗauki hotunan rigunan Paul Poiret, aka buga su a mujallar Art et Décoration ta birnin Paris. Daga nan masana tarihi da yawa suke fara lissafin hoton kayan yayi na zamani, domin Steichen bai ɗauki rigunan kamar hajar da aka jera a kanti ba. Ya kula da haske, da yanayin ɗaki, da tsayuwar matan. Da shekara ta zagayo, a 1912, Pablo Picasso ya manna wata leda mai zanen saƙar kujera a cikin zanensa ya kewaye shi da igiya, Georges Braque kuma ya liƙa takardar bango mai kama da katako a cikin zanen gawayi. Ba su ne suka fara manne-manne a duniya ba. Tun 1857 Oscar Rejlander ya haɗa negatif sama da 30 a Ingila ya fitar da hoto guda, kuma a zamanin Sarauniya Victoria matan manyan gidaje sukan yanke kawunan dangi da abokai daga hotuna su ɗora a jikin agwagi ko a kan katin karta don nishaɗi. Picasso da Braque dai su ne suka shigar da abin cikin fasahar da masana ke ɗauka da muhimmanci.

A hannun Hannah Höch ne kolaj ya haɗu da duniyar tufafi gaba da gaba. An haife ta a Jamus a 1889, kuma daga 1916 zuwa 1926 ta yi aiki a kamfanin ɗab'i na Ullstein da ke Berlin, tana zana samfurin ɗinki da surfani da saƙa don mujallun mata. Irin mujallun da take yi wa aiki su ne kuma take yayyankawa. Tana cikin ƙungiyar Dada, masu fasahar da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fusata, waɗanda suke ganin wayewar da ta kai mutane ga irin wannan kisa ba ta cancanci a yi mata zane mai kyau ba. A babban aikinta da aka nuna a baje kolin Dada na Berlin a 1920, kawunan 'yan siyasa da hafsoshin soja suna zaune a jikin 'yan rawa, ƙafafun injuna sun cika ko'ina, can a kusurwar ƙasa kuma ta manna 'yar taswirar Turai mai nuna ƙasashen da mata suka sami 'yancin jefa ƙuri'a, da ƙaramin hoton fuskarta a gefe. A ayyukanta na baya ta riƙa haɗa mace ɗaya daga mata da yawa: ido babba daga wannan, ido ƙarami daga waccan, ƙafafu daga tallar safa. Mai kallo ba ya bukatar sharhi kafin ya gane abin da take nufi, cewa kyakkyawar macen mujalla ita ma haɗe-haɗe ce, bambancin kawai an ɓoye wurin haɗin. Abokin tafiyarta John Heartfield ya karkata dabarar ga siyasa zalla, ya yi ta yi wa Hitler ba'a a bangon mujallar ma'aikata ta AIZ har sai da ya tsere daga Jamus a 1933.

Mujallun yayi ba su yi nawa ba wajen jawo waɗannan dabaru. Condé Nast ya sayi Vogue a 1909, ya ɗauki Adolph de Meyer aiki a 1913, daga baya Steichen ya zama babban mai hoton kamfanin a 1923. Kishiyar Vogue, Harper's Bazaar, ta yi zarra bayan da edita Carmel Snow ta kawo Martin Munkácsi, ɗan Hungary da ya ƙware a hoton wasanni. A 1933 ya sa mai tallar kaya ta riƙa gudu a bakin teku, a lokacin da aka saba ganin mata tsaye ƙiƙam a situdiyo. A 1934 Snow ta ɗauki Alexey Brodovitch ya zama mai tsara shafuka, ya riƙe kujerar har 1958. Shi ne ya mai da shafin mujalla kansa wani irin kolaj: ya yanke hoto ta inda ba a zata ba, ya karkata shi, ya bar fili fari fat, ya sa rubutu ya bi lanƙwasar riga.

Man Ray, Ba'amurke mazaunin Paris, ya zo da dabarun ɗakin wanke hoto. Ɗaya ita ce ɗaukar hoto ba kyamara: a ɗora abubuwa a kan takardar hoto a cikin duhu, a kunna fitila na 'yan daƙiƙoƙi, sai inuwarsu ta fito fara a kan baƙi. Ɗayar, wadda ya gyara tare da Lee Miller wajen 1929, ita ce a bar haske ya ɗan taɓa hoton ana tsakiyar wanke shi. Wani sashe na baƙin sai ya juye ya yi fari, wani siririn layi mai duhu ya zagaye jiki kamar an bi shi da alƙalami. A ka'ida kuskure ne da kowane mai wanke hoto yake gudu. Su suka mai da shi salo, kuma Harper's Bazaar ta yi ta buga ayyukansa a shekarun 1930.

Wanda ya fi kowa haɗa duniyoyin biyu a jikinsa shi ne Erwin Blumenfeld. Bayahude ne haifaffen Berlin a 1897, ya zauna a Amsterdam yana sayar da jakunkunan fata na mata, yana kuma yin kolaj irin na Dada. A 1933 ya ɗora ƙoƙon kan matacce a kan fuskar Hitler. Da shagon ya karye sai ya koma Paris a 1936, inda a 1939 ya ɗauki hoton mai tallar kaya Lisa Fonssagrives tana lilo da riga a saman hasumiyar Eiffel, ba igiya ba komai. Bayan an tsare shi a sansanonin Faransa lokacin yaƙi, ya isa New York a 1941. Bangon Vogue na Janairun 1950 shi ne aikinsa da aka fi tunawa. Ya ɗauki fuskar mai tallar kaya Jean Patchett, sannan ya goge kusan komai: babu hanci, babu gashi, babu kunci, babu ma zagayen fuska. Abin da ya saura a kan farar takarda ido ɗaya ne da girarsa, da jan leɓe, da tawadar Allah a gefen baki. Babu riga ko ɗaya a bangon mujallar tufafi, amma ba wanda ya yi shakkar abin da ake tallatawa. Kolaj ne ta hanyar ragewa maimakon ƙarawa, kuma har gobe ana kwaikwayonsa.

Ba don son fasaha kawai masu mujallu suka ba da wannan dama ba. Mujallun suna gasa a kan teburin mai jarida, kuma bangon da ya tsayar da mai wucewa shi ne ya sayu. Haka ma kamfanoni: daga 1967 zuwa 1981 Guy Bourdin ya yi wa kamfanin takalma na Charles Jourdan tallace-tallace da a cikinsu takalmin yakan zama ɗan ƙaramin abu a gefen wani yanayi mai ban tsoro, kamar wurin da aka yi hatsari. Kamfanin ya yarda domin ana maganar tallar. 'Yancin mai hoto a wannan sana'a aro ne. Ranar da gwaji ya daina jawo ido, edita zai nemi a nuna masa maɓalli da kalmasa.

A gefe guda kuma masu kolaj sun ci gaba da amfani da mujallun don sukar su. Martha Rosler, daga 1967 zuwa 1972, ta riƙa yanko hotunan yaƙin Vietnam tana sa su a cikin ƙayatattun falo da ɗakunan girki na mujallun gida, ta raba su a wuraren zanga-zanga. A Ingila, a 1977, Linder Sterling ta cire kan wata mace ta maye gurbinsa da dutsen guga, hoton ya fito a bangon faifan mawaƙan Buzzcocks. Ba a jima ba mujallun matasa irin su i-D da The Face, waɗanda aka kafa a Landan a 1980, suka ɗauki wannan salo na yage-yage suka mai da shi yayi. Haka abin yake tafiya tun zamanin Höch: mai suka ya ƙirƙiro, kasuwa ta karɓe.

Aikin Jean-Paul Goude da mawaƙiya Grace Jones ya nuna inda hanya ta rabu biyu. A 1978 ya so ya nuna ta tsaye a kan ƙafa ɗaya, ɗayar a miƙe can baya sama, makirufo a hannu, tsayuwar da jikin ɗan Adam ba ya iya yi. Sai ya ɗauke ta sau da yawa a tsayuwa daban-daban, ana tallafe gaɓoɓinta da akwatuna. Ya yayyanka fim ɗin da reza, ya ja hannu da ƙafa da wuya suka ƙara tsawo, ya manne guntayen, sannan ya bi giɓin da fenti har wurin haɗin ya ɓace. Mutane da yawa sun ɗauka tsayuwar gaske ce, kuma a 1985 hoton ya zama bangon wani faifanta. A wannan shekarar dai ya yi mata wani bangon, inda ya yanka hoton fuskarta sala-sala ya jera su yadda baki ya wage, gashi ya yi sama, kuma ya bar kowane yanka a fili. Mutum ɗaya ne ya yi su, da reza ɗaya, a kan mace ɗaya. Na farko yana so a gaskata shi, na biyu yana so a ga hannun da ya yi shi.

Wannan bambanci shi ne ƙashin bayan maganar. Tela nagari yakan ɓoye ɗinki a cikin riga, mai kolaj kuwa da gangan yake juyo da cikin rigar waje. Duk wanda ya duba kolaj na takarda a kusa zai ga abubuwan da hoton waya ba ya nunawa. Gefen da aka yanka da reza yana da kaifi, wanda aka yaga da hannu yana barin farin bakin takarda. Guntun da aka ciro daga tsohuwar jarida ya yi ruwan ɗorawa kuma ɗigo-ɗigon tawadarsa manya ne, na mujalla mai sheƙi ƙanana ne. Inda gam bai kama sosai ba gefen yakan ɗaga ya jefa 'yar inuwa. A fuska ɗaya haske na iya zuwa wa ido daga hagu, ya zo wa baki daga dama. Ƙwararre yana lissafa duk waɗannan: wane saɓani zai bari, wanne zai gyara, hannu zai fi kai girma ko kuwa. Saɓanin ne yake hana ido wucewa, ya tilasta wa mai kallo tambayar daga ina kowane guntu ya fito.

Kwamfuta ta sauƙaƙa yankan, ta kuma sauƙaƙa ɓoye shi. Na'urar Quantel Paintbox ta fito a 1981 don gidajen talabijin, da tsada ƙwarai. Photoshop ya biyo baya a 1990. A 1994 Inez van Lamsweerde da Vinoodh Matadin, 'yan ƙasar Holan, sun buga a The Face hotunan mata da aka ɗauka a situdiyo aka ɗora su a kan hotunan da aka sayo, har da na roka yana tashi, kuma sun bar abin ya yi kama da ƙarya da gangan. Nick Knight ya bi wannan hanya a ayyukansa da mai tsara tufafi Alexander McQueen, ya kuma kafa dandalin SHOWstudio a 2000. Amma mafi yawan aikin kwamfuta a sana'ar ba gwaji ba ne, gyaran jiki ne a ɓoye: a rage ƙugu, a ja ƙafa, a share fata. A 2009 wata tallar Ralph Lauren ta jawo surutu saboda an matse mai tallar kaya Filippa Hamilton har kanta ya fi ƙugunta faɗi, kamfanin kuma ya amsa laifinsa. Daga 1 ga Oktoba 2017 dokar Faransa ta wajabta rubuta sanarwa a kan duk hoton talla da aka sauya surar jikin mai tallar, da tarar da ta kai Yuro 37,500. Norway ta fara aiki da irin wannan doka a 2022. Ba a taɓa bukatar doka ta sa Höch ta bayyana cewa ta yi yanka ba.

Afirka ta daɗe a cikin wannan tarihi, amma da farko a matsayin abin da ake yanka. A 1926 Vogue ta Faransa ta buga hoton Man Ray na farar fuskar Kiki de Montparnasse kwance kusa da baƙar fuskar katako irin sassaƙar ƙabilar Baule ta Kwaddibuwa, ba sunan masassaƙi ba labarin amfaninta. Höch ma ta yi jerin ayyuka tana haɗa sassaƙe-sassaƙen gidajen tarihi da jikin matan Turai, kuma har yau masana na saɓani kan ko sukar mulkin mallaka take yi ko cin moriyarsa. Goude bai tsira daga irin wannan zargi ba game da yadda yake miƙar da jikin baƙar mace. Wangechi Mutu, haifaffiyar Nairobi a 1972, ita ce ta juya almakashin. Tana yanko leɓe da ƙafafu daga mujallun yayi, da zane-zanen tsofaffin littattafan likitanci, da sassan babura, ta haɗa su da tawada a kan leda mai santsi, su tashi mata masu kyau da ban tsoro lokaci guda, wasu da dungu, wasu da kofato. Lorna Simpson a Amurka tana ɗauko fuskokin mata daga tsofaffin mujallun Ebony da Jet ta maye gashinsu da tawada mai malala ko hoton duwatsu masu ƙyalli.

Situdiyon Afirka ta Yamma kuma yana da nasa gwaje-gwajen da ba Dada ce ta koya masa ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yakan zaunar da mace mai atamfa a gaban ƙyalle mai wani zanen daban, zane a kan zane, har jiki ya kusa narkewa cikin bango. A ƙasar Yarbawa, idan ɗaya daga cikin tagwaye ya rasu, masu hoto sukan buga negatif ɗin mai rai sau biyu a takarda ɗaya don a ga su tare. Samuel Fosso ya buɗe situdiyo a Bangui a 1975 yana ɗan shekara 13, yana ƙarasa ragowar fim da hotunan kansa cikin wando mai faɗin ƙafa da takalma masu tudu. Hassan Hajjaj na Maroko yana kewaye hotunansa da gwangwanayen tumatir da na lemo na gaske a cikin firam. A ƙasar Hausa ma dabarar ba baƙuwa ba ce: fastocin finafinan Kannywood da bangon littattafan soyayya, inda kawunan 'yan wasa manya da ƙanana suke jere a kan gidan bene ko mota, kolaj ne na kasuwa, ko da ba a rataye su a gidan baje koli.

Tun da kolaj da kayan wani ake yin sa, rigimar haƙƙin mallaka ba ta rabuwa da shi. Jeff Koons ya ɗauki ƙafafun mace sanye da takalman Gucci daga hoton da Andrea Blanch ta yi wa mujallar Allure ya sa a zanensa. A 2006 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba shi gaskiya, bisa hujjar cewa ya sauya ma'anar hoton. A 2023 kuwa Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, ta ba mai hoto Lynn Goldsmith gaskiya a kan gidauniyar Andy Warhol, domin an sayar wa mujalla hoton mawaƙi Prince da Warhol ya sarrafa don amfani iri ɗaya da wanda ake sayen na Goldsmith dominsa. Mai kolaj da ke aikin talla ya fi shiga wannan haɗari, shi ya sa da yawansu suke ɗaukar hotunansu da kansu kafin su yanka.

Gidajen adana fasaha sun daɗe da buɗe ƙofa. Gidan Metropolitan na New York ya baje hotunan Richard Avedon a 1978, gidan MoMA ya yi baje kolinsa na farko na hoton kayan yayi zalla a 2004, a 2010 kuma aka yi gwanjon hoton Avedon na mai tallar kaya Dovima a tsakanin giwaye a kan Yuro 841,000 a Paris. Rigar da ke cikin hoton ta 1955 ce. Ba ita aka saya ba. Sai dai shiga gidan tarihi bai wanke kowane aiki ba. Yawancin abin da ake kira gwaji a yau maimaici ne: a rufe fuska da fure, a yaga hoto biyu, a dusashe launi, abin da manhajar waya ke yi cikin daƙiƙa, har da inuwar gam ta ƙarya. Yanka yana da daraja ne idan guntayen biyu da aka haɗa sun faɗi abin da kowannensu bai faɗa shi kaɗai ba, kamar gawar yaƙi a falon Rosler.

Ƙirƙirarriyar basira ta sake dagula lissafin, domin tana fitar da hoto daga miliyoyin hotunan wasu ba tare da an ga ko guntu ɗaya ba. A 2023 Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar gasar hotuna ta Sony bayan ya bayyana cewa na'ura ce ta haɗa hoton da ya ci. A watan Fabrairun 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya yanke hukunci a kan wani littafin labari mai hotuna da aka yi da manhajar Midjourney: hotunan da na'urar ta fitar ba su da kariyar doka, amma rubutun, da zaɓen hotunan, da yadda marubuciyar ta jera su, nata ne.